Naira goman Inna: tafiyata Jos neman Barikinmu

Inna ce ta tayar da maganar, wata Juma'a da na shiga gaishe ta bayan an sauko daga masallaci. Ta sa na turo ƙofa, ta ce akwai bashi a kanta, kuma ba ta son a kai ta makwanci da shi. Na zaci kuɗin mai magani ne ko na dillaliya. Sai ta ce adashe ne, adashen matan Bariki, unguwar ma'aikatan haƙar kuza, can Jos. Ta riga ta yi kwasarta, saura zubi biyu a kanta, naira biyar-biyar, aka sallami Baba daga aikin kuza, muka ɗaure kaya cikin kwana uku muka taho Kano. A 1986 ke nan. Dariya ta taso mini, na dubi fuskarta, na haɗiye abata.

Uwar adashen maƙwabciyarmu ce, kowa Ngo yake ce mata, yadda Birom ke kiran dattijuwa. Inna ta ce in tana raye in kai mata hannu da hannu, in ta riga mu gidan gaskiya in nemi 'ya'yanta. Ta ciro turmin atamfa daga ƙasan akwati, ta ƙulle naira dubu ashirin a bakin wani ƙyalle, wai ta san goman jiya ba ita ce ta yau ba. Ni a Barikin nan aka yanke mini cibi, shekarata goma sha huɗu muka bar ta. Na je Jos sau biyu bayan haka, duk ta'aziyya, kuma duk ban wuce cikin gari ba.

Wata Litinin cikin Disamba na yi sammakon tashar Unguwa Uku. Sharon ce a kan layi, kujera naira 12,000, ɗan kamasho ya ƙara mini 500 na jaka. Mutum ɗaya ya riƙe mu fiye da awa, sai takwas saura muka tashi.

Daga Kano zuwa Kwanar Dangora babu abin faɗa. Nan muka saki titin Zariya muka karya hagu, muka wuce Tudun Wada, sai ga dajin Falgore. Duk musun siyasar da aka taho ana yi, muna shiga dajin kowa ya kama bakinsa. Direba ya kashe waƙa. Wata tsohuwa a bayana ta shiga jan Hasbunallahu ƙasa-ƙasa, na bi ta a zuci. Sojoji sun yi sansani a dajin a shekarun nan, kuma lafiya lau muka ratsa, ba mu ga komai ba sai birai a bakin kwalta suna jiran a jefa musu ɓawon ayaba. Sai dai sunan da daji ya riga ya yi ba ya goguwa da wuri.

Shinge goma sha ɗaya na ƙirga kafin Jos. Direbanmu ya nannaɗe 'yan ɗari bibbiyu ya jera su gaban sitiyari kamar karan sigari, ko'ina aka tsaya sai ya zari ɗaya, a gaisa, hannu ya dawo wayam. A wani shingen wani mai kaki ya leƙo ya tambayi abin da ke cikin ledar da na rungume. Na ce atamfar wata tsohuwa ce. Ya ce, "Baba, faɗi gaskiya, aure za ka ƙaro a Jos." Motar ta kwashe da dariya, har tsohuwar Hasbunallahu.

Wajen Doguwa muka wuce hanyar da ke shiga Riruwai. Yaran yanzu ba su san nan ne tushen abin ba. Tun Bature bai san akwai tudun Jos ba, maƙeran Riruwai ke narka kuza su zubo dalma siri-siri kamar tsinken tsintsiya, fatake su shiga da ita kasuwanni. Irin tsinkayen nan Turawan Kamfanin Neja suka gani a hannun 'yan kasuwa suka bi sawu, tsakanin 1902 da 1904 suka hau tudun. Duk abin da ya biyo baya, har da haihuwata a ɗakin kwano a bayan Rayfield, daga nan ya faro.

A Saminaka muka tsaya fitsari da cin abinci, buhunan masara jibge ko'ina kamar ganuwa. Na ci shinkafa da wake ta naira 1,500, ba laifi. Daga Jengre mota ta fara hawa, kunne ya toshe, iska ta sauya. Ta nan ƙaramin jirgin ƙasan nan yake bi a da, wanda ya taso daga Zariya ta Rahama ya isa Jos da Bukuru a 1914, faɗin layinsa ƙafa biyu da rabi kacal. Babban layin da ya zo ta Kafanchan a 1927 ya kashe masa kasuwa, aka rufe shi a 1957. A cikin ƙaramin jirgin aka kawo kakana. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa inda take samun dalma, sai aka ɗora wa hakimai da dagatai kawo mutane aikin kuza ko suna so ko ba sa so. Diban gwamna ake ce wa abin. Kakana na gonarsa a ƙasar Katsina aka zo aka rubuta shi, a 1943, shekarar da ba a taɓa fitar da kuza kamarta ba. Ya ce da 'yar taguwa ɗaya suka iso, suka riƙa huda buhu suna zura kai saboda sanyi, kuma da yawa cikin waɗanda suka zo tare sanyi da ciwon ƙirji suka kwantar da su a nan. Da wa'adinsa ya cika ya ji kunyar komawa gida hannu rabbana, ya ce bari ya ƙara wata uku. Wata ukun ne ya zama mu.

Mun wuce Mista Ali da Farin Gada, ƙarfe biyu da 'yan mintoci muka shiga tashar Bauchi Road. Jos ta haura mita 1,200 a sama da teku, kuma ko da tsakar rana inuwa cizo take yi. Na tari keke, abin da mu a Kano muke ce wa adaidaita, zuwa Gangare, naira 500. Na so in kama ɗaki a masauki, amma Kawu ya ce in na yi haka kada in sake kiransa Kawu.

Ba ƙanin Inna ba ne, abokin aikin Baba ne, shi direban babbar mota, shi yake kai buhunan kuza Makeri inda ake narkawa. Ya haura tamanin, ido ya yi rauni, amma kai garau. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Muryar marigayi sak." Gidan irin na Gangare ne, lungu cikin lungu, ɗaki na jingine da ɗaki, kogin Dilimi can ƙasa yana ɗauke da ledar gari, kogin da a cikin yashinsa aka fara wanke kuzar Jos. Da magariba na zuba ruwan buta a hannu na ji kamar an sare ni da reza. Mu da muke kukan sanyin Kano, wasa muke yi. Jikar Kawu ta ga yadda nake yarfe hannu, ta koma ta ɗumamo mini wani tana danne dariya.

Bayan isha'i aka kawo tuwon masara da kaskon gawayi, Kawu ya buɗe bakin jaka. Ya ce in lura da sunayen barikokin kuza, Barikin Ladi, Mai Adiko, Gindin Akwati, Dogo Na Hawa, Sabon Gidan Kanar, Mai Idon Toro, duk a ƙasar Birom suke amma bakin lebura ne ya raɗa musu suna, don Hausa ce harshen rami. Bahaushe da Babarbare da Tibi da Angas da Ibo, in heluma, shugaban leburori, ya daka tsawa, da ita yake dakawa. Ya tuna mini jiniyar ƙarfe shida, da tankifa, mai rubuta lokacin aiki, mai littafi da fensir a bayan kunne, da ranar biya, yadda makaɗa da 'yan dambe da masu tsire da matan da ba a tambayar mazansu suke cika fili tun la'asar. Ya ce, "Kalmar ɗan bariki da ake zagi da ita, ai mu aka fara yi wa. Kuma ba duka ƙarya aka yi mana ba."

Shi ya fayyace mini abin da ya kore mu, wanda a da na ɗauka wani Bature ne kawai ya yi fushi da Baba. Aikin ya daɗe yana ciwo. Kuzar sama-sama ta ƙare, sai an yi zurfi, kuɗin man fetur ya janye hankalin gwamnati da na matasa, Turawa suka fara tattara nasu tun bayan dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972. Sai a Oktoban 1985 ƙungiyar ƙasashen da ke tallafe da farashin dalma ta nutse cikin bashi, kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikinta, cikin 'yan watanni farashi ya zube fiye da rabi. Kawu ya ce, "Mutanen da ba su taɓa ganin ramin ba suka yi lissafinsu a Landan, mu aka karanta wa sunaye a bakin ofis."

Ɗansa bakanike ne, ta hannun wani mai sayar da kayan mota a Bukuru ya samo mini lambar ɗan Ngo, wanda muka yi firamare benci ɗaya. Da zan kwanta Kawu ya ce, "Gobe ka bar hular nan da babbar rigar a gida. Yanzu lafiya ake, babu abin da zai faru. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake." Tun rikicin 7 ga Satumban 2001, da na ƙarshen Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, garin ya rabe. Musulmi sun tattaru a nasu unguwannin, Kirista a nasu, har musayar gidaje aka riƙa yi. Kawu da ya yi shekara talatin yana tuƙi a hanyar Rayfield, rabonsa da ita shekara goma sha biyar.

Da safe na sha shayi da masa a bakin titi, na sa wandon jikansa da wata jibgegiyar rigar sanyi, na fito kamar ɗan gwanjo. Na bi ta Taminus. Babbar kasuwar da Baba ya kawo mu kallo tana sabuwa, muna ɗaga kai har hula na faɗuwa, gobara ta cinye ta a Fabrairun 2002, 'yan kasuwa na zube a titunan da ke kewaye da kufanta. Ban tsaya ba. A mahaɗar Tsohon Filin Jirgi ƙamshin biskit ɗin NASCO ya bugi hancina, shi kaɗai ne abin da na tarar a garin yadda na bar shi.

Nan muka yi da ɗan Ngo za mu haɗu. Wani ƙaton mutum mai furfura ya sauko daga tsohuwar a-kori-kura, ya dube ni sama da ƙasa, ya fashe da dariya. "Wa ya ce ka cire hula? Kai da ko wanka da hula kake yi!" Muka rungume juna a bakin titi, masu keke na ta yi mana oda. Walda yake yi yanzu, yana da yara shida a shagonsa. A mota na tsokane shi na ce gobe sai ya rako ni Gangare ya gaida Kawu. Ya yi shiru, ya ce rabonsa da wajen tun 2008, sai dai in shi ma zan ara masa hula.

Rayfield da na sani gidajen Turawa ne tsilli-tsilli, masu bututun hayaƙi a kan rufi don murhun da ke cikin falo, da filin golf ɗin da suka buɗe tun 1913, inda muke laɓewa cikin ciyawa mu tsinci ƙwallon da ta ɓata mu sayar wa masu ɗaukar jaka. Yau gidan gwamnati ma a can yake. Katanga ce ke bin katanga, kowace da waya mai ƙaya a kai. Muka saki kwalta muka bi wata jar hanya, ya tsaya gaban wani gida mai baƙar ƙofar ƙarfe, ya kashe mota. Ya ce, "Mun iso."

Na ce mun iso ina?

Ya nuna mini saman katanga. Can ciki, kan wani dutse ya leƙo, mulmulalle, da wani ƙarami ɗore a kansa kamar an aza da hannu. Gabana ya faɗi. Dutsen da tankifa ke zama ne yana kiran suna, mu kuma da yamma mu hau mu zamo har wando ya huje. Daga shi na fara aunawa da ido. Layi uku ne Barikinmu, kowanne ɗaki goma sha biyu, ginin ƙasa da rufin kwano, ƙofa na kallon ƙofa. Na farko na akawuna da direbobi ne, shi ke da daɓen siminti da wutar kamfanin lantarki na NESCO da ba ta ɗaukewa. Mu a na uku muke, ɗaki na biyu daga ƙarshe, mu bakwai, da labulen buhu a tsakiya. Baba a wurin wanki yake, inda ake sakin ruwa cikin dogon akwatin katako, ƙasa ta tafi, baƙar kuza mai nauyi ta kwanta a ƙasa. Yini yake tsaye cikin ruwan nan, rani da damina. Ƙafarsa ta tsage kamar ƙasar fadama, kullum dare Inna na narka man kaɗe a murfin gwangwani tana ɗiga masa a kaushin, yana cije baki yana sauraron rediyo. A lissafina, ɗakinmu ya faɗo daidai inda mai gidan ya yi rumfar ajiye motoci.

Abokina ya daki ƙofar da tafin hannu, ya ce, "Ni na ƙera ta. Sai da na zo kafawa na ga dutsen."

Maigadin wani Buzu ne, ya ce mai gidan yana Abuja, sau biyu yake zuwa a shekara, kuma ba a ba shi izinin shigar da kowa ba. Ban ga laifinsa ba. Ya dai fito mana da benci, ya zuba mana shayinsu mai ɗaci a 'yan kofuna, ya bar ƙaramar ƙofa a buɗe yadda zan iya leƙawa. Ba abin da na gani sai shimfiɗaɗɗen daɓe da furanni. A waje ne, gefen kwata, na yi tuntuɓe da wani guntun siminti da ya fito daga ƙasa, da kututturen bututu mai tsatsa a tsakiyarsa. Na tsuguna na share ƙasar da hannu. Famfon Bariki ne. Shi kaɗai ne ga gida talatin da shida, kuma har yanzu ana ganin ɗan kwarmin da gindin bokitai ya ci a simintin. A nan ake duk wani faɗa na Bariki. A nan Inna ta taɓa fasa wa matar wani heluma tulu, aka kai su gaban sarkin bariki, ya ci su tarar sule biyar-biyar. Masu cewa a da babu faɗa tsakanin mutane ba su yi layin famfo ba. Akwai faɗa, akwai gori, akwai masu shan burkutu su zo su yi amai a ƙofar masallaci. Abin da dai na sani shi ne, ranar Kirsimeti Ngo takan aiko a kira Baba ya yanka mata akuya don mu ma mu ci, ranar Sallah kuma kwanon farko na tuwon Inna gidanta yake tafiya.

Na tambayi abokina yaushe aka rushe. Ya ce ba a rushe ta rana ɗaya ba. Da kamfani ya watse, wasu suka tafi irinmu, wasu suka zauna suna lambu a bakin tafki. Aka fara cire kwanon ɗakunan da babu kowa, damina ta ci bangon. Gari ya matso, masu ƙasa suka fara yanka fuloti suna sayarwa. Gida bakwai ko takwas na Hausawa suka rage a layin ƙarshe har Janairun 2010. Yana maganar yana kallon ƙasan kofinsa. Ya ce mutum tara suka kwana biyu a ɗakin Ngo, ita tana zaune a bakin ƙofa da taɓarya, har sojoji suka zo suka fitar da su. "Layin kam ban iya hanawa ba. Yaran da suka zo, wasu na san iyayensu." Ban ce komai ba, shi ma bai ƙara ba. Buzun ya sake cika mana kofuna.

Abin da bai motsa ba shi ne tafkin. Muka taka zuwa bakinsa ta cikin itatuwan turare, waɗanda mu a Jos muke ce wa rastata, da aka dasa don rufe tabon haƙa. Ramin da injin kamfani ya bari ne, ruwa ya cika shi, kore shar, ba ya motsi, tsibin ƙasa ja da fari tsaye a gefensa kamar an yi jiya. Irinsa ɗaruruwa ne a tudun nan, har akwai wanda aka mayar wurin shaƙatawa ana hawa kwalekwale. A gefe ɗaya injinan ban ruwa na ta tatata, kabeji da karas da latas sun yi kyau. A ɗaya gefen samari ne da diga da igiya suna haƙa ramukan loto, don kuza ta sake yin kuɗi. Rami ne kamar rijiya, ba tokari ba komai, mutum ya sauka gaba goma da fitila ɗaure a goshi, a riƙa jawo ƙasa da bokiti, mata na ɗauka a kwanon sarki zuwa bakin ruwa. Wani yaro da bai fi sha bakwai ba ya buɗe mini tafin hannunsa, ga ta nan baƙa sul tana ƙyalli. Na karɓa na auna nauyinta a hannuna, na mayar masa.

A wannan ruwan ƙanena ya tafi, daminar 1983, yana da shekara shida. Ya biyo mu ne, mu kuma muka kore shi don kada ya kai ƙara, ya zagaya ta ɗaya gefen. Sai washegari aka same shi. Abokina na cikin waɗanda muka yi korar tare. Muka tsaya, na yi addu'ata, shi ma ya sunkuyar da kai ya yi tasa. Maƙabartar da aka sa shi tana cikin ɗaya daga katangun can, ba mu iya tantance wacce ba.

Gidan Ngo na nan inda yake, bayan shingen ƙerana, sai dai an yi masa bulo. Tana zaune a rana cikin rigunan sanyi biyu da hular ulu, ta ƙanƙance, idon ya yi fari. Na durƙusa na ce, "Ngo, ina wuni." Ɗanta ya faɗa mata ko ni wane ne da Birom. Ta laluba fuskata da hannu biyu, ta ce da irin Hausarsu da ba ruwanta da mace ko namiji, "Mamanka yana nan? Yana faɗa har yanzu?" Na ce tana nan, faɗan ma yana nan.

Aka kawo gwaten acha da zafinsa, ganye da gauta da ɗan ƙashi a ciki, na sha kwano biyu ba kunya. Tana ta tambayar mutanen layi ɗaya bayan ɗaya, yawanci amsar ita ce sun rasu. Da na ce mun je bakin tafki, sai ta ce, "Gonan baban mijina ne wancan. Acha muke yi a wurin. Bature ya ba shi kuɗi, bai kai na akuya uku ba." Ita da kanta ta yi shekaru tana ɗaukar ƙasar gonar a kwanon sarki ana biyanta. Muna yara ban taɓa kawo wannan a raina ba. Mu dai mun san Bariki tamu ce.

Sannan na fito da saƙo. Ta shafa atamfar, ta kai hanci ta sansana, ta ce ta karɓa. Da na kwance ƙyallen na faɗi abin da ke tafe da ni, sai ta yi dariya har da tari. Ta ce ta tuna sarai. Ita ta zuba wa Inna zubi biyun daga kuɗin itacenta, don kada mai kwasar ƙarshe, wata matar Tibi, ta yi kuka. Ta tambayi nawa ne a ƙyallen. Na ce dubu ashirin. Ta ture hannuna. "Naira goma na ba shi. Naira goma zai ba ni. Ni ba na cin riba a kan maman yara."

Na yi magiya, ɗanta ya yi, ta kafe. To, ina naira goma? Na zazzage aljihu, ƙaramin kuɗina ɗari biyu ne. Abokina ba shi da ita, matarsa ba ta da ita. Aka tashi jikoki biyu, suka bi masu kanti da masu ƙosai, aka kusa rabin awa, sai ga ƙaramar ta dawo a guje da wata ja ta leda, duk ta koɗe, ta samo a wurin mai cajin waya. Na saye ta a hannun yarinyar da ɗari biyu. Na miƙa wa Ngo da hannu biyu, na ce ga saƙon Inna, tana neman gafara. Ta kanga takardar dab da idonta, ta tambaya ko mutumin nan ne mai tabarau. Na ce shi ne, Alvan Ikoku, ga matan Fulani da ƙwaryar nono a baya. Ta ce, "Shi bai tsufa ba." Ta ƙulle ta a bakin zane. Dubu ashirin ɗin na damƙa wa surukarta a bayan ɗaki na ce a sayi magani, ta ce in tsohuwa ta ji, ni da ita ne.

Da zan tafi ta sa aka auno acha mudu uku a kai wa Inna. Abokina ya mayar da ni har Taminus, iyakar inda ya ce zai iya, muka yi sallama ta tagar mota ana ta yi mana oda a baya.

Washegari na yi wa Kawu sallama, na tsaya Farin Gada na sayi dankalin Turawa da karas na tsaraba, direba ya caje ni 1,000 na kaya. Shingen dai su ne, Falgore ma shiru muka ratsa ta. Ana kiran la'asar na shiga gida.

Inna na kan darduma. Na ajiye achar, na ba ta labari tun daga Unguwa Uku, ta yi dariyar mai kakin nan, ta yi ta naira goma har da share ido. Ta sa na maimaita mata abin da Ngo ta faɗa sau biyu, ta ce alhamdu lillahi. Ta tambayi famfo, na faɗa mata. Ta tambayi ɗakinmu, na ce motoci ke kwana a wurin. Ta ja carbi kaɗan, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ruwan fa?"

Na ce yana nan.

Ta gyaɗa kai. Can ta ƙwala wa jikarta kira ta ce a kawo mata faifai, achar Jos sai an tsince tsakuwa.